Larabcin Hajiya Fanta

Hajiya Fanta mai alkaki, ta cikin Birnin Damagaram, Larabcinta duka-duka bai cika tafin hannu ba, amma da shi take hira da wata mata da ke can Indunusiya kowace Juma'a da hantsi. Hira fa sosai, ba gaisuwar tsaye ba. Za ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta jingine salula jikin kwanon sha, ta gyara ɗaurin kallabi kamar mai jiran baƙi, sai fuskar Hajiya Marni ta cika gilashin, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kumatu, cikin farin hijabi. A can la'asar ta yi, a nan ko kaji ba su gama kiwon safe ba.

Hajiya Marni ba ta jin Hausa, Hajiya Fanta kuwa ko sunan yaren ƙawarta ba ta sani ba. Abin da suka haɗa shi ne abin da kowace ta tashi da shi a kan buzun salla: salamu alaikum, alhamdulillahi, masha Allah, insha Allah, subhanallah, astagfirullah, la haula, amin. Sai halal da haram, sai Juma'a, sai Zamzam. Shi ke nan jarin. In Hajiya Fanta ta ɗago sabon jika ta nuna, masha Allah. In ta juya salula ta nuna famfon tsakar gida da ya bushe ƙayau har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, la haula. In wani ƙato ya gifta ta bayan Hajiya Marni da taba a baki, ta bi shi da ido ta ce astagfirullah a hankali, to Hajiya Fanta ta gane surukin ƙawarta ne, kuma har yanzu bai sami aiki ba.

A Makka suka haɗu. Kowace ta sayi farin yadi na likkafaninta ta je ta jiƙa shi da ruwan Zamzam, kamar yadda alhazai da yawa suke yi, a kawo gida a ajiye a ƙasan akwati har ranar da za a buƙace shi. To, yadi mai tsawo in ya sha ruwa mutum ɗaya ba ya iya matse shi. Hajiya Fanta na tsaye da nata yana zuba mata a ƙafa, sai ta ga wata 'yar guntuwar mata ita ma tana kokawa da nata. Wannan ta kama bakin nan, waccan ta kama bakin can, suka murɗa, suka gama da na ɗaya suka koma na ɗayan, suka tsaya a rana riƙe da shi har ya sha iska. Kafin a watse wani jagoran alhazai ya sa wa kowace lambar 'yar'uwarta a salula.

Zakiyya, autar Hajiya Fanta, ita ke koyar da Ingilishi a kwaleji, kuma ita wannan hira dariya take ba ta.

"Iya, yau me kuka tattauna?"

"Gwiwarta ce ta dama ke damunta. Kuma ruwa ya yi musu yawa bana."

"Da wane baki ta faɗa miki?"

"Da nata."

Zakiyya ta sha cewa ita fa tana iya shiga tsakani, domin Hajiya Marni tana da 'ya mai suna Dewi wadda ke jin Ingilishi, kuma Ingilishi yanzu shi ne yaren da duniya duka ke haɗuwa a cikinsa. Hajiya Fanta ta ce ta gode, in ta rasa abin faɗa za ta neme ta. Shekaru suka wuce ba ta neme ta ba.

Bayan babbar salla ne abu ya canza. Wata Juma'a Hajiya Marni ta bayyana a kishingiɗe maimakon a zaune. Juma'a ta gaba kumatun nan sun zube. Ta gaba kuma hijabin ya sauko har goshi, Hajiya Fanta ta matso da salula dab da hancinta ta duba, ta ga gashin gira babu. Ta ce, "Subhanallah?" tana nuna ta da haɓa. Hajiya Marni ta ce, "Alhamdulillah."

Nan ne jarin ya gaza. Alhamdulillahi amsar komai ce. Mai lafiya ya faɗe ta, wanda ya karye ya faɗe ta, wanda ake tofa wa addu'a a kunne shi ma in bakinsa na motsi ita zai faɗa. Hajiya Fanta ta san kala-kalarta, da mai tsawo ta jin daɗi, da gajeruwa ta haƙuri, da wadda ake haɗawa da ajiyar zuciya. Wannan ba ta taɓa jin irinta a bakin Marni ba. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, kuma ta san daga inda ya fito.

Lokacin da aka kai mijinta Alhaji Illa asibiti a Yamai, ita aka bar ta a gida saboda tana da tansiyo, wato hawan jini, wai kada hankalinta ya tashi jini ya hau. Kullum ta tambaya, 'ya'yanta su ce jiki da sauƙi. Jiki da sauƙi, jiki da sauƙi, har ranar da ta ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutumin da suka yi zaman aure tun tana yarinya ya tafi ba ta ce masa ya yafe mata ba, shi ma bai ji ta ce ta yafe masa ba. Ba wani laifi ne na musamman ba, amma haka ake rabuwa, ko Kano mutum zai je yakan ce a yafi juna. Wannan abu yana nan a ranta har yau. Ta yi wa kanta alkawari ba za a sake yi mata haka ba.

Saboda haka ta kira Zakiyya ta ce, "Yau na rasa abin faɗa. Ɗauko Ingilishin naki ki tambayar mini 'yarta me ke damun uwarta, kuma za ta tashi ko ba za ta tashi ba."

Zakiyya ta ji daɗi ƙwarai, har da gyara zama. Ta kira Dewi. Da farko murya sama, ana dariya, ana yes ana yes. Can sai muryar ta yi ƙasa. Sai ta miƙe. Sai ta juya wa uwarta baya, ta je jikin bango tana ɓantarar ƙasa da farce. Aka daɗe, har inuwa ta janye daga kan tabarma. Da ta dawo ta ce, "Ba komai ba ne, Iya. Gajiya ce da ƙarancin jini. Jiki da sauƙi."

"Duk wannan dogon zance, gajiya?"

"Haka Ingilishi yake, Iya. Yana da tsawo."

Tana faɗa tana murza kunnenta na hagu. Tun tana 'yar mitsitsiya in ta ɗauki alkaki a faranti aka tambaye ta, kunnen nan take murzawa. Da yamma kuma Hajiya Fanta ta ji ta a zaure tana waya da yayanta da Faransanci. Ita dai ba ta yi lakwal, wato boko, ba, amma ta daɗe da sanin cewa in 'ya'yanta suka koma Faransanci a cikin gida, to maganarta ake yi. Ta tsinci abin da ta saba tsinta: ta ji an ce Iya, ta ji an ce tansiyo, ta ji an ce kansar. Wannan ta ƙarshen ta san ta, a kan Alhaji ta koye ta. Ciwon daji ne.

Ta ci tuwonta ta sha maganinta.

Daga nan hirar Juma'a ta zama ta mutum huɗu. Lokacin bakans ne, hutun makaranta, Zakiyya ba ta zuwa kwaleji, sai ta zo ta zauna dab da uwarta, kafaɗa na gugar kafaɗa. A can ma Dewi ta manne jikin tata uwar, tana murmushi har haƙoran ciki. Hajiya Fanta ta kalli murmushin nan ta gane shi, irinsa aka yi ta yi mata lokacin Alhaji. Wato ita ma Marni ba a faɗa mata ba. Yara biyu, ɗaya a Damagaram ɗaya a bayan teku, ba su taɓa ganin juna ido da ido ba, amma sun zauna sun ƙulla magana tsaf, kowace za ta tsare tsohuwarta. Kai, Ingilishi ya yi rana.

Yanzu komai sai ya bi layi. Hajiya Fanta ta faɗa da Hausa, Zakiyya ta juya Ingilishi, Dewi ta juya yarensu, Hajiya Marni ta amsa, a sake biyo hanya a dawo. Kafin magana ta je ta dawo mutum ya iya tashi ya yi alwala. Kuma abin da ke dawowa bai cika kama da abin da ya tafi ba.

"Ki ce mata in akwai abin da na taɓa yi mata, ta yafe mini."

Zakiyya ta yi Ingilishi, Dewi ta sunkuya ta yi wa uwarta magana, tsohuwar ta ce wani abu gajere.

"Ta ce wai da zuma kike alkakinki ko da sukari?"

Hajiya Fanta ta kalli 'yarta, 'yarta ta kalli salula. Aka yi bayanin zuma da sukari. Da aka gama Hajiya Fanta ta ce, ba tare da ta canza fuska ba, "Ki ce mata akuyarmu ta haifi jaki jiya."

"Iya!"

"Faɗa mata mana."

Zakiyya ta yi Ingilishi, aka zagaya, aka dawo.

"Ta ce ita ma tana kewarki."

"Madalla," in ji Hajiya Fanta.

Abin ya dame ta matuƙa, har alkakin makon nan ya yi tauri, masu saye suka yi ƙorafi. Ba yaran ne kaɗai matsalar ba. Ko da za su kauce, me za ta ce? In Marni ba ta san halin da take ciki ba, neman yafiya daidai yake da sanar da ita, kuma wa ya aike ta ta kai wa baiwar Allah wannan labari a kan gadonta? In kuwa ta sani, tana can kwance tana jira a buɗe mata ƙofa, ita kuma ta yi shiru tana bayanin zuma, to an sake maimaita na Alhaji, wannan karon da hannunta a ciki. Ta juya maganar ta juya, tana murza alkama tana juyawa, ba ta ga bakinta ba.

Ranar Juma'a da safe ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗaga zannuwan da ke sama, ta zaro likkafaninta. Yana nan yadda ta naɗe shi, sai ƙanshin turaren wuta da ya kama shi. Ta kai shi ta tura ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai. Ba ta yanke shawarar za ta fito da shi ba. Ta dai ce ya kasance kusa. Sannan ta ɗora tukunyar ruwan sukari a murhu, ta cusa itace fiye da yadda ya kamata, abin da in Zakiyya ce ta yi da ta sha faɗa.

Aka kira. Hajiya Marni ta ƙara ƙanƙancewa, idanunta kaɗai suka rage yadda suke. Aka yi sallama, aka bi layi. Dewi ta ce wa Zakiyya ta ce wa Hajiya Fanta jiya mamanta ta ci shinkafa cokali da yawa. Hajiya Fanta ta ce masha Allah. Tana ta shaƙar iska tana jira. Da ƙaurin ya iso ta ce, "Zakiyya, sukarin can zai ƙone. Tashi ki sauke, ki juye a babbar roba, ki tsaya kina motsawa kada ya daskare."

"Iya, bari a gama..."

"Na ce ki tashi."

Ba ta rufe baki ba sai ta ga a gilashi Hajiya Marni ta ɗaga kofi ta kife shi, ta nuna wa 'yarta babu komai ciki, ta yi mata wata doguwar magana mai kama da oda, har da ƙirga abubuwa a yatsu. Dewi ta yi jim, ta karɓi kofin, ta saƙale salula jikin matashi ta fita. Zakiyya ma ta tashi tana gunaguni. Tsofaffin biyu suka bi bayan 'ya'yansu da kallo, sannan suka dubi juna.

Hannun Hajiya Fanta na kan bakin tabarma, ta kasa ɗagawa.

Hajiya Marni ce ta fara motsi. Ta tura hannu ƙarƙashin matashin kanta, da ƙyar, tana nishi, ta jawo bakin wani farin yadi ta ɗaga shi gaban gilashi.

"Zamzam," ta ce.

Ashe ta sani. Ta daɗe da sani, wataƙila tun kafin likitocin. Hajiya Fanta ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, baƙin ciki ne da sauƙi a haɗe, ba ta iya raba su ba. Ta ɗaga cinya ta zaro nata ta ɗaga.

"Zamzam."

Hajiya Marni ta kalli yadin, ta kalli inda aka zaro shi, sai ta kama nata da hannu biyu ta murɗa, kamar ranar nan a Makka. Hajiya Fanta ma ta murɗa nata ta ɗaya ɓangaren. Dariya ta kama su, irin wadda ba a so a ji, kowace ta toshe baki da likkafaninta, kafaɗu na rawa, hawaye na zuba. Tari ya sarƙe Marni, Hajiya Fanta ta jira ya lafa.

Sannan ta ajiye yadin a cinya, ta dafa ƙirji, ta yi magana da Hausa tsantsa, a hankali, kamar tana gaban wanda ke ji.

"Hajiya, zama ne ya haɗa mu, kuma ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini. Ni na yafe miki duniya da lahira."

Hajiya Marni ta saurara har ƙarshe. Ita ma ta dafa ƙirji ta yi tata da yarenta, tsawonta kusan ɗaya, muryar na tsinkewa tana ɗaurewa. Hajiya Fanta ba ta san kalma ko ɗaya a ciki ba, kuma babu abin da ya wuce ta.

"Amin," ta ce.

"Amin."

Duk shekarun nan da abu ɗaya suke rufe hira: Juma'a, insha Allah. Hajiya Fanta ta buɗe baki za ta faɗa don sabo, Marni ta girgiza kai kaɗan.

"Fi amanillah," ta ce.

Ita ce sallamar da suka yi a Makka ranar da motocinsu suka rabu, ba su sake faɗarta ba sai yau. Hajiya Fanta ta amsa mata.

"Fi amanillah, Hajiya."

Aka ji takun takalmi a can, aka ji ƙarar roba a nan. Fararen yadi biyu suka ɓace, ɗaya ƙarƙashin matashi, ɗaya ƙarƙashin tabarma. Dewi ta shigo da kofi yana tururi, Zakiyya ta dawo tana yarfe hannu, sukari ya ɗan ƙone ta a yatsa. Suka tarar da iyayensu zaune shiru kamar ba su taɓa sanin juna ba. 'Yan matan suka yi Ingilishinsu, aka yi murmushi, aka kashe.

Zakiyya ta zauna tana hura yatsa. Ta ce, "Dewi ta ce likita ya zo jiya, ya ce ana samun ci gaba. Jiki da sauƙi sosai." Ɗayan hannun yana kan kunnenta na hagu.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya Fanta.

"Iya, idonki ya yi ja."

"Hayaƙi ne. Wa ya cika wa murhun nan itace haka?"

Hajiya Fanta ta jawo farantin alkama gabanta ta fara murzawa. Ta yi 'yan murza kaɗan, sannan ta tsaya.

"Yarinyar nan Dewi, ita kaɗai ce mace a wurin uwarta?"

"Ita kaɗai ce."

"Ta rame. Ba ta barci, ana gani a idonta." Ta ci gaba da murza. "In kin sake kiranta, ki faɗa mata da Ingilishin nan naku, ki ce ni na duba uwarta da kyau yau, na ga jiki da sauƙi. Ki faɗa mata yadda za ta yarda. Yarinya ce, kada a tayar mata da hankali."